Ranar da Baƙi Suka Zo Tambayar Ruwa

Waɗanda ke wurin ran nan, a gindin tsamiyar ƙofar gidan maigari, su ne maigari da kansa bisa kujerarsa, da liman a damansa, da malamin gona na ƙaramar hukuma wanda ya rako baƙin daga Sabon Birni. Baƙin su uku ne. Akwai mace mai gilashi, ba za ta girmi ɗiyata ta tsakiya ba, Hausarta ta Kano, ita ke tambaya. Akwai wani dogo mai riƙe da na'urar ɗaukar magana, wanda ban ji muryarsa ba sai wurin sallama. Sai direbansu, Bayarabe. A namu ɓangaren akwai mazan kwamitin ruwa, da mu matan kwamitin bisa tabarma guda, ni da ungozomar gari da sauran. Ɗana ƙarami, magidanci da iyalinsa, yana tsaye jikin bango da lasifika rataye a kafaɗa. Matar wansa ba ta fito ba, tana takaba.

Sun zo ne su duba aiki. Shekarun baya wani shiri ya shigo garuruwanmu na bakin gulbi, wai a taimake mu mu iya da ruwan sama da ya daina zuwa yadda muka san shi. Ni ba na yabon abu don an ba ni shi kyauta, amma abin da ya yi zan iya cewa ya yi. Sun kawo irin gero mai saurin nuna. Ya nuna kuwa, sai dai yana nuna shi kaɗai a duk faɗin karkara, tsuntsun duniya ya taru a kansa. Sun ce a daina sare tohon kalgo da sabara wurin sassabe, a bar su su zama itace. Wannan kakanninmu sun san shi, mu muka manta, sai da baƙo ya zo da mota ya tuna mana. Sun gyara rijiyar yamma. Suka kafa kwamiti, suka ce dole a sa mata. Aka sa ungozoma don ba gidan da ba ta shiga, aka sa ni don ba na dariya a taro.

Babban aikin kwamitin shi ne gargaɗin ruwa. Gulbinmu yana da mugun hali guda. Sama na iya zama tas a nan, ko ɗigon hadari babu, alhali an kwana ana zuba ruwa can wajen Nijar. Da hantsi ka ga yashi da ɗan ruwa iya idon sawu, kafin la'asar ya zama jan ruwa mai ɗauke da itatuwa da tumakin mutane. Gonakinmu na fadama kuwa duk suna ƙetare. Hanya biyu ce zuwa can, ko ka bi mashigi ka tsallaka da ƙafa, ko ka zagaya ta daji, ita kuma ta daji mutanen daji sun daɗe da raba mu da ita.

Sai shirin ya tsara cewa mutanen garuruwan sama za su bugo waya in ruwa ya wuce su. A zaɓi mutum guda a nan, a ba shi waya da lasifika, shi ke shela. Dabara ce mai kyau, ban taɓa cewa ba ta da kyau ba. Amma a ƙetare babu sabis, lasifikar kuma muryarta ba ta wuce itatuwan bakin gulbi. Duk wanda aka ba ta, sai ya tsallaka da ita.

Na farkona aka ba.

Ba za ni kira shi da abin da ya wuce haka ba a nan. Haka aka tashe ni, haka uwata ta yi da nata na farko. Tun da aka yaye shi gwaggonsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma har Allah ya karɓi ranta. Ban taɓa goya shi gaban mutane ba. In ya shigo gaishe ni, ƙasa nake duba in amsa. In aka yabe shi a gabana, sai in tashi in je duba tukunya. Ranar aurensa ina gidan maƙwabta ina tsinkar zogale, kamar bikin wani gari ake yi. Mata sun sha nuna ni ga ɗiyansu, suna cewa ga yadda ake kunya. Ran da aka miƙa masa lasifikar a taron kwamiti, ina zaune, na ga yadda ya juya ta a hannu yana neman makunninta. Da na koma gida na dafa dambun da na san yana so, na aika wa matarsa ban ce na wa ne ba.

Daminar da ta wuce kafin zuwan baƙin, wata rana bayan azahar, ina surfe a tsakar gida. Rana tsaye, kaji na neman inuwa. Sai na ji lasifikar daga wajen masallaci. "Ku hito! Ruwa na tahe! Ku hito!" Na tsaya da taɓarya a hannu ina bin muryar da kunne. Ta gangara ta unguwar maƙera, ta yi bakin gulbi, ta yi ƙasa-ƙasa, sannan na riƙa jin ta can nesa, na san ya tsallaka.

Mutane suka yi ta fitowa. Mata da goyo, tsofaffi da fartanya, har da masu jan akuya. Shi ya biyo bayansu, ruwa ya riga ya kai gwiwa. Da suka hau tudu sai wata ta ce ba ta ga surukinta ba, wani tsoho mai nauyin kunne da ke zaman korar tsuntsu a gona. Sai mai lasifikar ya juya. Waɗanda ke bakin gulbi sun ce sun kira shi, ya ɗaga musu hannu. Sun ce abin da suka gani na ƙarshe shi ne yana tsakiyar mashigi, ruwa a ƙirjinsa, ya ɗaga lasifikar sama da kansa kada ta jiƙe. Tsohon ashe ya hau gawo, washegari aka sauko da shi da ransa.

An bi gulbi har garuruwan ƙasa. Ba a same shi ba. Liman ya yi masa salla ba gawa.

Mata suka cika gidana suna gaisuwa, suna kuka, ni ina zaune ina amsawa, "Haƙuri sai ma'abucinsa, mun gode," kamar gaisuwar wani nake karɓa masa. Haka ya kamata, haka na yi. Amma tun daga lokacin, in iska ta taso daga wajen gulbi da rana tsaka, sai in ji kiran nan. Ba mafarki ba, idona biyu, hannuna cikin aiki. Can ƙasa-ƙasa, kamar daga ƙetare. In tsaya in saurara, sai in ji jaki ne kawai ko injin niƙa. Ban gaya wa kowa ba. Da kwamiti ya zauna bayan sadakar bakwai, aka ce aiki ba ya tsayawa, damina ba ta ƙare ba. Aka haɗa hannu aka sayo sabuwar lasifika, aka miƙa wa ƙanensa, wai ya fi kowa sanin yadda wansa ke yi. A taron na ce a nemo mana kwalekwale, a kuma ajiye wata lasifikar a ƙetare hannun wanda ke wuni can. Malamin gona ya ce ya kai maganar sama. Amsar da ta dawo ita ce, sai masu duba aiki sun zagayo, sannan a ba garin da ya fi bukata.

Ana gobe za su zo, maigari ya tako har zaurena, abin da bai saba ba. Ƙanen mijina ne ta wajen uwa, Yaya yake ce mini. Muka gaisa, ya zauna bakin dakali yana gyaran hula.

"Yaya, gobe baƙi na tahe."

"Na ji, ranka shi daɗe."

"Malamin gona yac ce mani, inda sunka iske aiki ya yi kyau, nan suka ƙara zamnawa. Inda sunka ji ɓaraka, su naɗe tabarmassu. In sunka ji mutum ya salwanta cikin aikinsu, tsoro za su ji. Mun rasa mutum, Yaya. Kar mu ƙara da iri da rijiya."

"To mi kaka so in yi?"

"Ke? Ba komi. Ke ai ban da shakka kanki. Sauran nika bi gida-gida ina ja ma kunne."

Ya tashi ya tafi. Ba mugun mutum ba ne. Shi ya fi kowa nisa wurin bin gulbi, ya dawo ƙafafunsa duk ƙaya. Kuma gaskiya ya faɗa, ba sai ya roƙe ni ba. Ya san irin bakin da ke gare ni.

Washegari da hantsi motarsu ta tsaya. Kaka ce, ana ta shigo da dammunan gero bisa amalanke, gulbi ya koma yashi. Direban bai gama fitowa ba ungozoma ta hango zubinsa, ta gane ko wane ne.

"Kai Bayarabe! Bawan Gobir! Ka zo gidan ubangijinka hannu rabbana?"

Ya dafe ƙirji. "Mama, ai bayina na zo dubawa, in ga ko ana ba su abinci. Ga shi duk kun rame."

"Ji min ɗan banza. Wa yab ba ka izinin tuƙa mota ban sani ba?"

"Wannan zanen na fuskarki fa, mu muka yi muku shi don kada ku ɓace mana a kasuwa."

Wuri ya ɗauki dariya, har liman ya rufe baki da gefen rawani. Ni ban yi ba, amma na ga amfaninta. Mutane sun saki jiki.

Ita mai gilashin, na kalle ta da kyau, don na saba ganin masu zuwa su tsaya bisa kanmu da takalmi. Wannan ta tuɓe nata, ta zauna cikinmu bisa tabarma, ta sha ruwan da aka ba ta ba ta leƙa cikin kwanon ba. Ta ce ba ita ta kawo shirin ba, ba kuma ita ke raba kaya ba. An aiko ta ne ta ji abin da ya yi da abin da bai yi ba, ta kai. Ta ce kada mu ji nauyinta.

Ta fara da iri. Ungozoma ta ce, "Iri ya yi, ɗiyata. Tsuntsaye sun ce a gaishe ku." Aka sake dariya, ita ma ta yi, ta tambaya sosai yadda abin yake, wani dattijo ya ce in za a shuka shi a shuka gari guda tare, tsuntsun ya rasa inda zai fara. Ta ce wannan magana ce. Ta tambayi rijiya, aka ce igiya na cinyewa da wuri. Ta tambaya ko ana barin mata su yi magana a kwamiti, ungozoma ta ce ana bari, ji ne ba a yi. Duk ƙananan laifuffukan nan an faɗe su da baki sake. Maigari yana gyaɗa kai, ransa fari.

Sai ta ɗago ta ga ɗana jikin bango.

"Kai ne mai gargaɗin?"

"Ni na, Hajiya."

"Nuna mana yadda kake yi mana."

Ya dubo ni. Na dubi tabarma. Na ji ƙarar makunnin, da ɗan kukan da lasifika ke yi kafin magana.

"Ku hito! Ruwa na tahe! Ku hito!"

A baki muryarsu ba ɗaya ba ce, ta ƙaramin ta fi kauri. Amma lasifika tana cinye bambancin. Abin da ya fito daga bakin ƙarfen nan, shi ne abin da na ji ina surfe, shi nake ji in iska ta taso, sai dai yau ba daga ƙetare ba, a bayan kunnena. Matar da ke kusa da ni ta damƙe gefen zanena. Masu amalanke suka tsaya cak a hanya. Gidan takaba yana bayan katangar maigari, daga can na ji an saki kwano ya yi ta juyi a ƙasa har ya kwanta.

Baƙuwar ba ta san kome ba. Ta ce, "Ma sha Allah. Ana ji har gonakin ƙetare?"

Maigari ya ce, "Mai ita shika ƙetarawa da ita."

"Da ƙafa?"

"Da ƙahwa. Samarinmu na da himma."

Ta gyara gilashinta. Dogon ya matso da na'urarsa.

"To, daminar nan da ta wuce, na ji ruwa ya zo da ƙarfi. Ya ci wani a garin nan?"

Na daɗe a duniya, ban taɓa jin shiru irin wannan a taron da ke da ungozoma ba. Liman ya sunkuya kan carbinsa. Malamin gona ya duba wayarsa. Mazan kwamiti suka dubi maigari, matan kuma, ba tare da sun juyo ba, na ji duk ni suke kallo. Maganar tana nan a bakina, gajera ce, ko yaro zai iya faɗinta. Amma in na buɗe baki za ta ce wane ne, in ce ɗana. Ta ce wane cikinsu. Gaban liman, gaban ƙanen mijina, gaban matan da aka nuna musu ni ana cewa ga kunya.

Maigari ya yi gyaran murya. "Ruwa ya zo ƙwarai. Mun gode ma Allah, Allah ya kiyaye."

Ta dube shi, ta dubi jama'a. Ina tsammanin ta ji nauyin shirun, don ta juyo ta dube ni.

"Mama, tun ɗazu ba ki ce komai ba. Ke fa?"

Na ce, "Kin dai ji abin da maigari yac ce."

Shi ke nan. Fuskarta ta washe. Ta ce wallahi ta ji daɗi, ta fito daga garuruwan da aka lissafa mata gawarwaki tana zaune. Ta ce kwalekwalen da ake da su kaɗan ne, ba ita ke rabawa ba, amma in aka tambaye ta za ta ce a fara kai wa inda aka yi asarar rai, mu mu jira tunda namu tsarin yana tafiya. Ta ce har za ta ba da shawara a kawo mutanen wasu garuruwa su koyi yadda muke yi, mutum guda mai himma, da waya, da lasifika.

Na dubi maigari a lokacin. Hannunsa ya tsaya a gemu. Bai taɓa kawo wa ransa cewa abin zai juya ta nan ba, shi tsoron kada su gudu yake yi. Baƙo ya riga ya yabe ka gaban jama'arka, ba ka cewa tsaya in ɓata kaina. Aka kawo fura da nono, suka sha, liman ya yi addu'a. Na ji malamin gona yana gaya wa direban cewa a masaukin ƙaramar hukuma za su kwana, da safe su wuce wajen Isa.

A hanyar gida na tare ungozoma.

"Ke da ke da baki awa aska. Kin iya sa mutane dariya da tsuntsu, ga babbar magana kin haɗiye."

Ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Ni? Uwatai na zamne, in rigaye ta? Ke nika kallo. Dut ke muka kallo. Da kin ko ɗaga gira, da na hwaɗi."

"Kin san ba ni iyawa."

"Na sani. Ke ma kin san ba mu iyawa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni nig yanke mai cibiya, ko kin manta? Ba ke ɗai aka ci ba."

Muka rabu a bakin rijiya.

Gab da magariba ɗana ƙarami ya shigo ya gaishe ni kamar kullum. Shi ina kiran sunansa, ina zaginsa in ya yi ba daidai ba, shi aka bar mini in so a fili. Ya jingine lasifikar jikin rumbu ya tsuguna.

"Inna, kin ci wani abu?"

"Ɗauki abin nan ka mai da musu."

"In mai da ma wa?"

"Kwamiti. Su ba wani."

"Wani ma ɗan wata na, Inna."

"Ban tambaye ka ba."

Ya yi ta zane a ƙasa da tsinke. Sannan ya ce, "Matata na noma ƙetare. Ɗiyana can suka wuni. In waya ta shigo, in zamna in jira wani? Ko ba lasihika za ni ƙetare. Gara da ita, an fi ji."

"In ruwa ya kai ƙirji fa?"

"Allah na nan."

"Da can ba ya nan?"

Ya ɗago da sauri, ni ma na ji abin da ya fita bakina, na yi istigfari. Ya tashi ya ɗauki lasifikarsa, ya rataya yadda wancan ke ratayawa, bakinta na kallon baya. Ya ce sai da safe. Na bi bayansa da ido har ya fita zaure. Damina za ta dawo, ba ta taɓa fasawa ba. Za a bugo waya. Kuma takardar da za ta je sama za ta ce garinmu ba ya bukatar kome.

Na tashi na zaga gidan takaba. Tana zaune bakin ƙofar ɗaki da carbi, kwanon da ta saki yana gefe, bakinsa ya lotsa. Ta ce, "Inna, an hwaɗa musu?" Na ce ba a faɗa ba. Ta sunkuyar da kai. Ita ba ta fita, ko da ta fita ba ta kiran sunan miji. Gwaggon da ta riƙe shi tana cikin kushewa, ubansa ma haka. Na tsaya ina lissafa wanda ya rage, har aka kira salla.

Da gari ya waye, bayan na idar da salla rana ta fara leƙowa, na ɗaura zanen unguwa na je tashar 'yan kabu-kabu. Na zaɓi wanda ya fi su shekaru, mai ƙarancin surutu. Na ce Sabon Birni, kuma ya yi sauri.

Hanyar ta mashigi take bi. Tun ranar da ruwan ya tafi da shi ban taka wurin ba. Da muka iso ya ce in sauka, babur ba ya tafiya da mutum biyu cikin yashi. Na sauka na taka. Yashi ne fari mai sanyin safe, da sawun shanu, da ɗan ruwa kwance a gefe guda wanda ko idon sawu bai kai ba. Mata sun tona ramuka suna ɗiba da ƙwarya. A jikin itatuwan bakin gaɓa akwai busasshiyar ciyawa da tsummoki maƙale sama da tsayin mutum, inda ruwa ya bar su. Na dube su sau ɗaya, na wuce. Ban tsaya a tsakiya ba.

Mun iske baƙin a masaukin suna ɗaura kaya a bayan mota. Direban ya gane ni, ya fara washe baki zai yi wasan jiya, ya ga fuskata ya fasa. Na ba ɗan kabu-kabun saƙo ya je kasuwa ya sayo mini goro, na ce kada ya yi gaggawa. Sai da na ga ya sha kwana sannan na ce ina son ganin Hajiyar.

Ta fito da kofin shayi a hannu. "A'a, Mama! Lafiya? Ke da wa?"

"Ni ɗai. Kira dogon nan ya kawo abin ɗaukar magana."

Ta sa aka kawo mini kujera, na ce tabarma. Muka zauna a baranda. Dogon ya ajiye na'urar tsakaninmu, ya ja da baya.

Na ce, "Jiya kin yi tambaya, ba a ba ki amsa ba. Ruwa ya ci mutum guda. Mai lasihikar. Ba wanda kig gani ba, wanda yar riga shi."

Ta ajiye kofin. Na ba ta labarin daga wayar har zuwa gawo, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce gargaɗin ya yi, mutane da yawa suna da rai saboda shi, kada ta rubuta cewa bai yi ba. Na ce maigari tsoro ya ji, ba ƙeta ba, kada a kama shi da laifi. Na ce amma kada ta kawo mutanen wani gari su koyi wannan, a koya musu yadda ake tura mutum cikin ruwa da ƙarfe a hannu. A ba mu kwalekwale, ko a ajiye lasifika a ƙetare, ko duka.

Ta cire gilashinta ta riƙe. "Inna lillahi. Mama, shi ɗin wane ne a wurinki?"

Na dubi na'urar. Na ce, "Wan wanda kig gani."

Ta daɗe tana kallona. 'Yar Hausawa ce, ta gane. Ta ce a hankali, "Na fari ne."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

"Ba ni ke yanke hukunci ba, Mama, ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Amma zan gyara abin da na ɗauka jiya, zan kai yadda kika faɗa. Sunansa kuma ba sai kin kira ba. Zan tambayi malamin gona."

Na ce, "Malamin gona yana wurin jiya, kin ji ya hwaɗi wani abu?"

Na duba hagu, na duba dama. Direban ya koma bayan mota. Ba ɗan garinmu ko ɗaya a harabar. Na matso da bakina kusa da na'urar, na kira sunan, da na ubansa. Ya fito mini a karkace, kamar kalmar wani yare, har na sake faɗi don ya ɗauku sosai.

Ta ce Allah ya jiƙansa. Na ce amin. Na tashi na gyara mayafina, na fita bakin ƙofa na tsaya ina jiran mai babur ya dawo da goro.